Tallafin Mallakar Gidan Farko: Tsakanin Buƙatar Muhalli da Tsoron Riba

Tun 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa a Najeriya, inda ake cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci, domin bankin lamunin gidaje na tarayya, wato FMBN, ya ba shi rancen mallakar gida. Ana biyan rancen cikin shekaru har 30, da ruwan kashi 6 cikin 100. A kan wannan ruwa ne ra'ayin jama'a ya rabu.

Wasu na ganin tallafin rahama ne, domin ruwansa bai kai ko kusa da na bankunan kasuwanci ba, ga shi kuɗin haya na cinye albashi ba tare da mutum ya mallaki ko bulo ɗaya ba. Wasu kuwa sun ce riba riba ce, kaɗan ko mai yawa, gara su tsufa a gidan haya. Waɗannan su ne abin tausayi: ana cire musu kuɗi duk wata, amma tsoron Allah ya hana su miƙa hannu.

Masu kafa hujja da larura sukan ambaci fatawar Majalisar Fatawa ta Turai ta 1999, wadda ta sauƙaƙa wa Musulmin can da suka rasa wata mafita. Sai dai malamai da dama ba su yarda da ita ba, kuma mu a nan muna da mafita. Fiƙihu ya san murabaha, inda banki ke sayen gida ya sayar maka da ribar da aka yanke tun farko. Akwai ijara, hayar da ke ƙarewa da mallaka. Akwai kuma haɗin gwiwar da kake sayen kason banki sannu a hankali. Bankin Jaiz ya fara aiki ba da ruwa ba tun 2012.

Saboda haka kada mu tsaya ga yabon tallafi ko kushe shi a majalisa. Mu nemi ƙungiyoyin ma'aikata da wakilanmu su matsa a faɗaɗa tsarin da babu ruwa, ya isa kowace jiha. Kafin sa hannu kuma, mu kai takardar yarjejeniya ga malami masani: wa ya mallaki gidan yanzu? Idan biya ya yi jinkiri, ana ƙara bashin? Sauya suna ba ya halatta ciniki.

Allah Ya ba mu muhalli na halal.