Ajin da ya kai girman ƙasar Nijar

A tsakiyar ƙasar Ostireliya akwai gidajen makiyaya da mutum kan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin ya ga rufin maƙwabci. Gandun shanu ne manya-manya a busasshiyar ƙasa mai jan rairayi. Yaron da aka haifa a nan, makaranta ta yi masa nisa ƙwarai. A da, iyaye kan tura shi makarantar kwana a birni tun yana ƙarami, su yi watanni ba su sa shi a ido ba, ko kuwa uwa ta zaunar da shi a gida ta koya masa da takardun darasi da ake aiko wa ta gidan waya. Sai an cike takarda a mayar, malami ya duba, gyara ya dawo bayan makonni, lokacin yaro ya riga ya manta abin da ya rubuta.

Mafitar ta fito ne daga wajen likitoci. A 1928 wani limamin coci, John Flynn, ya kafa aikin kai likita da jirgin sama ga mutanen daji. To amma ta yaya mara lafiya zai kira jirgi, alhali babu waya babu lantarki? A 1929 wani injiniya, Alfred Traeger, ya ƙera rediyo mai feda. Mutum ya zauna yana murza feda da ƙafafu kamar mai tuƙa keke, ƙaramin janareta ya ba da wuta, hannuwansa kuma suna aika saƙo. Sannu a hankali murya ta maye gurbin bugun saƙo, batir ya maye gurbin feda, har matan gandaye suka samu lokacin gaisawa da juna ta iska.

A tsakiyar shekarun 1940 Adelaide Miethke, tsohuwar malama wadda ta yi aikin duba makarantu a Kudancin Ostireliya, ta ziyarci garin Alice Springs cikin ayarin hukumar likitocin. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne yaran daji. Da baƙo ya yi musu magana sai su noƙe, don ba su saba da kowa ba sai mutanen gidansu. Ta ga cewa uwa, komai ƙoƙarinta, ba za ta iya zame wa ɗanta abokan aji ba. Ta ce tun da rediyon nan yana kai muryar likita, me zai hana ya kai ta malami? Ta yi ta bibiyar maganar shekara da shekaru. Ranar 8 ga Yuni 1951 aka buɗe Makarantar Iska a tashar rediyon likitocin da ke Alice Springs.

Ka duba yadda safiya take a wancan zamanin. Malami yana zaune gaban makirfo, yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Can nesa yarinya ta danna maɓalli ta amsa, muryarta tana ratsa ƙugin rediyo. Wani yaro ya amsa daga wani gandun. Ba su taɓa ganin juna ba, amma kowa ya san muryar kowa, ya san wanda ke karatu da sauri da wanda ke in-ina. Faɗin yankin makarantar ya kai murabba'in kilomita miliyan 1.3, wato kusan girman Jamhuriyar Nijar.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a kori uwa daga aikin ba. Darasin rediyo ɗan gajere ne. Sauran yinin karatu yana hannun babban da ke zaune kusa da yaro, yawanci mahaifiyarsa, wani lokaci budurwar da aka ɗauka haya don koyarwa. Ita ke buɗe fakitin darasi, ita ke riƙe hannun yaro ya koyi zana harafi. Iyayen da ke auna karatun gida da na intanet a yau, kamar dole sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya, ya kamata su ji wannan.

A farkon shekarun 2000 aka ajiye rediyo aka koma kwamfuta da tauraron ɗan adam, malami da ɗalibi suna ganin fuskar juna. Duk da haka har gobe ana buƙatar mai kula da karatu a kowane gida, malamai na tuƙa mota su kai ziyara gandaye, kuma sau da dama a shekara ana tara yaran a Alice Springs su zauna aji ɗaya, su yi wasanni tare.