3.4 Yadda Rumbun Bayanai Ke Warware Aiki Da Kansa Idan An Sami Tangarɗa

A wannan sashe za a duba yadda rumbun bayanai kan mayar da komai yadda yake idan aiki ya katse a tsakiya. Abin da ake nufi da ƙullin aiki a nan shi ne jerin umarni da aka haɗa wuri guda, waɗanda ko dai a zartar da su duka, ko kuwa a fasa su duka. Wannan shi ne na farko cikin sharuɗɗa huɗu da Theo Härder da Andreas Reuter suka laƙaba wa suna ACID a shekarar 1983.

Alal misali, a ɗauka za a tura naira 5,000 daga asusun wani ɗan kasuwa zuwa na abokin cinikinsa. Umarni biyu ne: a cire daga nan, a zuba a can. Idan an cire, sai tangarɗa ta auku kafin a zuba, to kuɗin ba su nan, ba su can. Don kauce wa haka, rumbun yakan rubuta kowane canji a wani kundi na daban kafin ya taɓa ainihin bayanan. Da zarar manhaja ta ga tangarɗa, sai ta aika da umarnin ROLLBACK. A tsarin ARIES, wanda C. Mohan da abokan aikinsa na kamfanin IBM suka wallafa a 1992, akan bi kundin ne daga ƙarshe zuwa farko ana soke canje-canjen ɗaya bayan ɗaya, har asusun farko ya koma yadda yake.

Sai dai kuma ba kowane rumbu ke bin hanya ɗaya ba. A PostgreSQL, umarni guda ya kuskure, to sauran duk za a ƙi karɓarsu har sai an warware ƙullin. Shi kuwa InnoDB na MySQL, a mafi yawan kurakurai, umarnin da ya faɗi kaɗai yake sokewa, ya bar ƙullin a buɗe. Wannan ya fi haɗari, domin ana iya tabbatar da rabin aiki ba tare da an ankara ba.

Haka nan, warwarewar ta dogara ne ga tangarɗar ta isa wurin da ake jiran ta. A Django, idan mai rubuta manhaja ya tare kuskuren lissafinsa a cikin ƙullin ya yi shiru da shi, tsarin zai ɗauka aiki ya kammala lafiya, ya tabbatar da cirewar naira 5,000 ɗin alhali ba a zuba su ko'ina ba.