Bayan rufe CentOS: Abin da kamfanoni ke dubawa kafin sauya manhajar sabobinsu

A ranar 30 ga Yunin 2024 aka daina fitar da gyare-gyaren tsaro ga CentOS Linux 7, babbar manhajar da ta daɗe tana tafiyar da sabobin kamfanoni da dama a duniya. Saba ita ce kwamfutar da ke riƙe shafin intanet na kamfani da saƙonninsa da bayanan abokan cinikinsa. Duk wadda aka bari a kan wannan manhaja tana ci gaba da aiki kamar kullum, sai dai duk wata kafa da masu kutse suka gano daga wannan rana, masu manhajar ba za su toshe ta ba.

Yadda aka zo nan

CentOS ta fito ne a 2004. Masu sa kai ne ke ɗaukar tushen rubutun Red Hat Enterprise Linux, wadda ake biyan kuɗi kafin a samu tallafinta, su sake harhaɗa shi su raba kyauta. Dokar manhajoji masu buɗaɗɗen tushe ta ba su wannan dama. Ta haka ƙananan kamfanoni suka samu manhaja mai ƙarko wadda ake kula da ita na kimanin shekara 10 ba tare da sun biya ko kwabo ba.

A 2014 kamfanin Red Hat na Amurka ya karɓi ragamar aikin, sannan a 2019 IBM ya sayi Red Hat a kan kusan Dala biliyan 34. A Disambar 2020 aka sanar cewa CentOS 8, wadda aka yi alƙawarin kula da ita har 2029, za ta tsaya a ƙarshen 2021. Aka maye gurbinta da CentOS Stream, wadda ke karɓar sauye-sauye kafin su shiga manhajar Red Hat. Kamfanonin da suka yi lissafinsu a kan 2029 suka wayi gari da wa'adin shekara guda kacal.

Mafitar da ake da ita

Sababbin manhajoji biyu ne suka taso don cike giɓin. AlmaLinux, wadda kamfanin CloudLinux ya assasa, ta fito a Maris na 2021, kuma yanzu wata gidauniya ce ke tafiyar da ita. Rocky Linux ta biyo baya a Yunin shekarar, ƙarƙashin jagorancin Gregory Kurtzer, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa CentOS. A ƙarshen 2022 cibiyoyin binciken kimiyya na CERN da Fermilab suka sanar da zaɓen AlmaLinux.

Da yake dukkansu biyun 'yan gida ɗaya ne da CentOS, akwai kayan aiki irin su migrate2rocky da ELevate da ke sauya manhajar ba tare da an goge abin da ke kan sabar ba.

Wasu kamfanonin sun bar dangin Red Hat baki ɗaya, suka koma Debian ko Ubuntu. Wannan hanya ta fi wahala, domin tsarin girka manhajoji da wuraren ajiye saituttuka sun bambanta, kuma dole ma'aikata su koyi sabon aiki. Wasu kuwa sun gwammace su biya Red Hat su huta.

Ko bayan sauyawar, lamarin bai lafa ba. A Yunin 2023 Red Hat ya taƙaita yadda yake sakin tushen rubutun manhajarsa. AlmaLinux ta daina neman zama kwafi sak, ta tsaya a kan tabbatar da cewa abin da ke aiki a Red Hat zai yi aiki a kanta. Kamfanonin Oracle da SUSE da CIQ kuma suka kafa ƙungiyar OpenELA domin samar da tushen rubutun a fili.

Matakan ƙaura

Matakin farko shi ne ƙididdige kowace saba da abin da ke gudana a kanta, domin sau da yawa tsohuwar manhajar lissafi ko ta biyan albashi ce ke ƙin aiki a sabon wuri. Sai a tambayi masu sayar da irin waɗannan manhajoji wace babbar manhaja suka amince da ita. Daga nan a kwafi dukkan bayanai, a kuma gwada dawo da su, domin ajiyar da ba a jarraba ba tana iya ba da kunya ranar buƙata.

Ana fara gwaji da sabar da tsayawarta ba za ta jawo asara ba. Masu muhimmanci su ne na ƙarshe, a lokacin da ciniki ya yi ƙasa, tare da shirin komawa tsohon tsari idan an samu tangarɗa.

Abin da ya faru da CentOS ya nuna cewa samun manhaja kyauta bai wadatar wajen yanke shawara ba. Kafin kamfani ya ɗora dukiyarsa a kan wata, ya kamata ya san wanda ke ɗaukar nauyinta, da shekarun da aka yi alƙawarin gyara ta, da wanda ke da ikon sauya wannan alƙawari.