Zafin teku da murjani: abin da ya kamata ku sani

Wanda ya ga murjani a ƙarƙashin ruwa zai rantse dutse ne, ko wani tsiro. Dabba ce. Ƙananan halittu ne masu taushin jiki da ke zaune dubu-dubu a wuri guda, kowace tana gina wa kanta ƙashi mai tauri, har a wayi gari an sami tsauni a cikin teku. Mafi girman irin wannan tsauni yana gaɓar Ostareliya, tsawonsa ya kai kilomita 2,300.

A cikin naman murjani akwai wata gansakuka ƙanƙanuwa da ido ba ya gani. Ita ke sarrafa hasken rana ta ciyar da shi mafi yawan abincinsa, ita ce kuma ke ba shi launi. Shi kuwa ya ba ta masauki. Zafi ne ke raba wannan zama. Idan ruwa ya ɗara zafin da aka saba da shi a bazara da digiri 1 kacal, ya kuma daɗe makonni a haka, gansakukar sai ta fara fitar da sinadarai masu cutarwa, murjanin ya kore ta. Nan take zai koma fari fat, ƙashinsa na bayyana ta cikin naman. Bai mutu ba tukuna, yunwa yake ji. In ruwa ya huce da wuri, ya farfaɗo; in ba haka ba, shi ke nan. A 2016 kusan kashi 30 cikin ɗari na murjanin da ke ruwa marar zurfi a tsaunin Ostareliya ya mutu, murjanin wurin kuma ya sake komawa fari a 2017, 2020, 2022 da 2024. Matsalar ita ce tazarar ba ta isa ya sake girma ba: murjani mai rassa kan ƙaru da kamar santimita 10 a shekara, mai dunƙule kuwa da ƙyar ya yi 1, ga shi iskar kabon da teku ke sha tana ƙara wahalar ginin ƙashi.

Akwai masu juriya. Murjanin arewacin Bahar Maliya, wajen Aƙaba, yana jure zafin da ya haura nasa na yau da kullum da digiri da yawa, na Tekun Fasha kuma yana rayuwa a ruwan da ke wuce digiri 34. Amma kada a yi saurin murna. Wasu sukan sauya gansakukarsu da wata mai jure zafi, sai dai ba ta ciyar da su kamar ta farko, girmansu ya ragu. Kifayen da ke fakewa a rassansu, da masuntan da ke bin kifayen, su ne ke ɗaukar asarar.