ƳAƳAN ZOGALA SUNA TACE RUWA

A Sabon Gari na Maradi kowa ya san kwaɗon zogala. Manoman Jiratawa da Tibiri suna nomanta a fadamar Gulbi, suna kai ganye kasuwa. Amma ƴaƴanta ma suna da amfani babba: suna tace gurɓataccen ruwa.

Mugun ruwa yana kawo zawo da kwalara. A shekarar 2018 kwalara ta ɓarke a Madarunfa da Maradi, an yi hasarar rayuka. Da damina kuwa, ruwan gulbi da na tabki cike suke da laka.

MATA SUKA FARA

Matan ƙauyukan Sudan sun daɗe suna tace ruwan kogin Nilu da ƴaƴan zogala. Wata masaniya, Samia Jahn, ta binciki dabararsu, ta rubuta littafi a 1981. Daga baya masanan jami'ar Lesta ta Ingila suka gwada ta a gidan ruwa a ƙasar Malawi, ta yi aiki.

Cikin ƙwayar akwai sinadari mai jawo laka. Laka ta dunƙule, ta yi nauyi, ta kwanta ƙasa tare da ƙwayoyin cuta masu yawa. Aikin alam ke nan. Amma alam saye ake yi, zogala kuwa tana bayan gida. Ko an matse man ƙwayar, tunkuzar tana tace ruwa.

YADDA AKE YI

1. A samo ƴaƴan da suka bushe bisa icce, a ɓare.
2. A daka, a tankaɗe. Ƙwaya 1 ta isa litar 1 ta ruwa mai laka sosai.
3. A zuba garin cikin kwalba da ruwa mai tsabta kaɗan, a girgiza minti 5.
4. A tace da ƙyalle cikin bokitin ruwan.
5. A motsa da sauri minti 2, sannan a hankali minti 10.
6. A bar shi awa 1 ko 2. A tsiyaye na sama, a zubar da laka.

HATTARA

Ruwa ya yi garau ba shi ne ya rabu da cuta ba. Zogala ba ta kashe ƙwayoyin cuta duka. Sai a tafasa kafin a sha, musamman na yara. Kada ruwan ya kwana biyu, kuma kullum a dama sabon gari.

Manoma, idan ana tsinkar ganye, a bar itatuwa kaɗan su yi ƴaƴa. Rigakafi ya fi magani.