Sayen babur na hannu a Yamai: takardu tukuna, kana makaniki

Wanda ya tsaya a bakin gadar Kennedy da safiyar ranar aiki, lokacin da mutanen Haro Banda ke tsallakowa cikin gari, zai tabbatar cewa babur shi ne jakin birnin Yamai. Malamin lakkol, da sakataren ofis, da ɗan tireda mai ɗauke da katan-katan zuwa Babbar Kasuwa, duk a kansa suke. Da yawa daga cikin waɗannan babura kuwa ba sababbi aka saye su ba. Na hannu ne, waɗanda ake kira okaziyo, sun ratsa mutum biyu ko uku kafin su iso ga mai su na yanzu.

Wannan al'ada ta daɗe, amma ta ƙara ƙarfi tun daga ranar 12 ga watan Janairu na 1994, sa'ad da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada, alhali kuwa a waɗancan shekaru ma'aikata suna bin gwamnati bashin albashi na watanni. Sabon mobilet na Peugeot da Yamaha ɗin Japan suka fi ƙarfin aljihu, jama'a suka koma ga tsofaffi. Daga shekarun 2000 baburan ƙasar Sin da na Indiya, irin su Kasea da Haojue da Bajaj, suka cika kasuwa da sauƙin kuɗi, kuma su ne a yau ake ta sayarwa daga hannu zuwa hannu.

Abin da aka saba gani shi ne, da zarar an sallama, dillali ya karɓi la'adarsa, sai mai saye ya zarce wurin masu wanki da masu ɗinkin rigar kujera, a goge babur ya yi ƙyalli, a manna masa hotuna. Ado ne ya kamata ya zo ƙarshe. Farkon aiki na kan takardu, domin duk jikar da mutum ya kashe wajen gyaran babur da doka ba ta san nasa ne ba, ya kashe ta ne a kan dukiyar wani.

Kowane babur yana da lambobi biyu da aka buga masa a masana'anta: lambar shasi, wadda galibi take a wuyan ƙarfe ƙarƙashin kan babur, da lambar inji, wadda take a jikin injin daga ƙasa. Wajibi ne a share ƙura da baƙin mai a karanta su harafi bayan harafi, a gwada da abin da ke rubuce a takardar duwan da kuma kart giriz, wato takardar shaidar mallaka. Idan wurin lambar ya nuna alamar an kankare shi, ko an yi masa walda, ko an shafe shi da sabon fenti shi kaɗai, to ciniki ya ƙare a nan, komai arahar kayan. Haka nan idan sunan da ke kan takarda daban ne da na mai sayarwa, kuma ya kasa nuna yadda babur ya shigo hannunsa. Masu iya magana sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. A gaban alƙali ma, wanda aka samu da kayan sata a hannu shi ne zai fara bayani, ko da ɓarawon ya daɗe da ƙetare iyaka.

Batun ya wuce na sata kawai. A 2015 aka hana zirga-zirgar babura a yankin Diffa saboda hare-haren Boko Haram, kuma a watan Janairu na 2020 aka ɗauki irin wannan mataki a sassa da dama na yankin Tillaberi, wanda ya kewaye Yamai, domin da babura ƴan bindiga suke kai farmaki. Tun daga lokacin, babur marar takarda abin zargi ne a wurin jami'an tsaro. Ɗan kasuwar da ke zuwa kasuwannin ƙauye ya fi kowa bukatar ya tambayi dokar da ke aiki a hanyarsa kafin ya fita gari.

Saboda haka a rubuta takardar sayarwa mai ɗauke da sunayen mai saye da mai sayarwa, da lambobin katin shaidarsu, da lambobin babur, da kuɗin da aka biya, a gaban shaidu, a kai ta komisariya ko ofishin magajin gari a buga mata hatimi. Daga nan sai a nemi sauya suna a kart giriz, a biya binyet ta shekara. Mutane da yawa suna tsayawa a takardar sayarwa, suna yawo shekaru da sunan wani. Ranar da aka kai babur furiyar, ko aka sace shi aka gano, a ranar ne za su fara neman tsohon mai shi, wanda wataƙila ya koma Agadas ko ya riga mu gidan gaskiya.

Akwai kuma asirans. Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CIMA a birnin Yawunde a 1992, kuma dokar da ta fito daga wannan yarjejeniya, wadda ta fara aiki a 1995, ta wajabta wa duk mai abin hawa mai inji ya yi asirans na ɓarnar da zai iya yi wa wani. Abin da masu saye ba su cika sani ba shi ne, takardar asirans ɗin da tsohon mai babur ya miƙa musu ba ta bin babur har ƙarshen wa'adinta: dokar ta dakatar da ita kwana biyar bayan sayarwa. Wanda ya buge yaro a hanya da irin wannan takarda a aljihu, daga aljihunsa zai biya.

Idan takardu sun kammala, sai makaniki. A nan ma akwai abin da ke gaba da wani. Mai saye yakan so ya ji inji na kuka da kyau, amma injin da ya mutu a hanya turi kawai zai jawo masa, birkin da ya ƙi kamawa kuwa asibiti yake kai mutum. A kwance ƙafafun biyu a duba takalman birki, a sake wayoyin da suka fara tsinkewa. Sai tayoyi. Zafin watan Afrilu da Mayu, da yakan haura digiri 40, yana busar da roba har ta tsattsage a gefe ko da zanenta bai cinye ba. A jikin taya akwai lambobi huɗu da ke faɗin shekarunta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Shambur ɗin da ya sha faci uku ko huɗu ba abin riƙewa ba ne.

Game da inji, kada a dogara da agogon kilomita, domin sau da yawa wayarsa ta daɗe da tsinkewa. Kada kuma a dogara da rantsuwar mai sayarwa cewa jiya ya yi bidanj. A zubar da tsohon mai tun ranar farko, a dubi abin da ya fito: idan yana ƙyalli da garin ƙarfe, cikin injin na cin kansa. Baburan yanzu masu siisii 110 zuwa 150 kusan lita ɗaya suke sha, kuma iska ce kaɗai ke sanyaya su, don haka man ya fi saurin lalacewa a cunkoson tsakar rana. A nemi man da aka yi domin babur a galan rufaffe. Man mota na iya sa kuloci, wato ambirayaj a bakin makanikan Yamai, ya riƙa zamewa, tun da a cikin mai ɗaya yake wanka da inji.

Babban maƙiyin inji a wannan gari shi ne ƙura. Yawancin hanyoyin unguwanni yashi ne da jar ƙasa, ga hazon hunturu a kai. Matatar iskar da ta toshe tana sa babur shan esans fiye da kima, wadda ta yage kuwa, ko wadda wani makaniki ya cire ya jefar don babur ya ƙara gudu, tana barin yashi ya shiga ya goge fistan da zobbansa kamar takardar gugar katako. Buji na faɗin gaskiyar lamarin: bakinsa ya zama ruwan ƙasa in lafiya lau ne, baƙi da toka in iska ta yi kaɗan, jiƙe da mai in zobba sun cinye. Shuɗin hayaƙi daga salansa shi ma shaidar haka ne, kuma gyaransa yana da tsada, gara a gan shi kafin a biya. A wanke tanki da karbirato, musamman idan babur ya saba shan man kwalba na bakin hanya, wanda ba a rasa shi da ruwa ko datti.

Sarƙa kuwa ba a sake ta ita kaɗai. Tare take tafiya da faifan haƙora na gaba da na baya, in an haɗa sabuwa da tsofaffin haƙora masu kaifi, cikin ƴan watanni za ta bi sahunsu. A bar mata sassauci kamar santimita biyu zuwa uku.

Kayan gyara suna nan birjik a Katako da shagunan unguwanni, iri-iri, masu kwali ɗaya amma ƙarko daban. Araha ba ta ado. Ga madubi ko murfin gefe mutum na iya ɗaukar mai sauƙi, ga birki da taya kuwa a'a. Kuma ya kyautu mai babur ya tsaya a kan aikinsa, ya karɓi tsofaffin kayan da aka cire a hannunsa, ba don zargi ba, don haka ake sanin abin da aka sake.

Saura fitilar gaba da ta baya, da fitilun juyawa, da oda, da madubai biyu, waɗanda samari kan kwance don gayu. Sai lasisin tuƙi, wato farmi, da hular kwano. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta bayyana cewa hular kirki da aka ɗaure igiyarta tana iya rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin 100. Hular leburorin gini da wasu ke kifawa don kauce wa ƴan sanda ba ta cikin wannan lissafi, kuma wanda aka goya a baya shi ma yana bukatar tasa.

Ranar farko kada a ɗauki iyali ko kaya. A zagaya unguwa a hankali, a gwada birki a kan kwalta da kan yashi, a tsaya a duba ƙasan inji ko mai na ɗiga. Bayan mako guda a koma wurin makaniki ya sake ɗaure kusoshi ya duba sarƙa, domin sabuwa takan saki a kwanakinta na farko.