Tawadar Allah Mai Kaiwa Har Ƙwaƙwalwa

Tawadar Allah ba baƙuwar aba ba ce. Kusan jariri ɗaya cikin ɗari kan zo duniya da ɗan baƙin tabo, ya girma da abinsa lafiya lau. Amma akwai wadda kan sa ungozoma ta yi jim: baƙa ƙirin, mai gashi, ta mamaye gadon baya har ɗuwawu kamar an sa wa yaro gajeren wando, ga ɗigo-ɗigo birjik a hannuwa da ƙafafu.

A 1861 likita Carl Rokitansky na birnin Biyana a Ostiriya ya binciki gawar wata yarinya 'yar shekara 14 mai irin wannan tabo, sai ya tarar da baƙin har a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwarta. Yau ana kiran cutar melanosis na fata da ƙwaƙwalwa.

Tushen abin tun ciki yana ƙarami ne. Ƙwayoyin da ke ba fata launi daga gefen lakar bayan ɗan tayi suke fitowa, su bazu a jiki. In sauyi ya afka wa ƙwayar halittar da ake kira NRAS a ɗayarsu, sai ta yi ta hayayyafa, wasu su sauka a fata, wasu a cikin kai. Binciken Veronica Kinsler da abokan aikinta na asibitin yara na Great Ormond Street a Landan ya nuna haka a 2013. Ke nan ba gado ba ne, ba kuma wani abin da uwa ta ci ko ta gani ba. Ina jaddada wannan domin uwa ake fara yi wa kallon zargi, alhali ita ke kwana zaune da yaron.

Yawancin masu babban tabo ƙwaƙwalwarsu ƙalau take. Haɗarin ya fi yawa ga mai tabo barkatai, shi ya sa likitoci ke son a ɗauki hoton MRI kafin jariri ya cika wata shida, lokacin da launin ya fi fitowa sarai. Wani ma ana ganin ɗigon a hoto, amma bai taɓa ciwo ba.

In cutar ta motsa, galibi kafin shekara biyu, sai a ga jijjiga, amai ba ƙaƙƙautawa, maɗiga ta kumbura, kai na girma fiye da kima saboda ruwa ya rasa mafita. Nan ba wurin jiƙo da hayaƙi ba ne. Likitocin tiyata kan dasa siririn bututu ya janye ruwan zuwa ciki, a haɗa da maganin farfaɗiya. Yanke tabon fata kuwa ba ya taɓa wanda ke cikin kai.